Rikoda a Matsayin Kunne na Biyu: Zaɓen Na'urar Ɗaukar Murya da Sarrafa Ta Wajen Koyon Waƙa a Ƙasar Kirikasamma

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama domin ya rubuta waƙar baka daga kaset ya san wata irin wahala wadda ba a cika ambatonta a cikin rubuce-rubucen nazari ba. Za a mai da kaset baya har sau goma, a kasa kunne, amma kalmar da ake nema ta ƙi fitowa, saboda a daidai wurin kalangu ya danne muryar mawaƙin, ko iska ta bugi makirfo, ko kuwa wani maroƙi ya kurma ihu kusa da na'urar. Daga ƙarshe sai mai nazari ya sa ɗige-ɗige a gurbin kalmar, ko kuma, abin da ya fi muni, ya cike gurbin da abin da yake zato. A ganina, da yawa daga cikin saɓanin da ake samu a matanin waƙa guda a kundayen ɗalibanmu ya samo asali ne tun daga ranar da aka ɗauki waƙar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan yadda ya kamata a zaɓi na'urar ɗaukar murya, da kuma yadda za a yi aiki da ita, ga mutum iri biyu: mai koyon rera waƙa wanda yake son ya ji kansa domin ya gyara, da mai nazari wanda yake son ya rubuta waƙar ya kuma adana ta. Abin da maƙalar ta tsayu a kansa abu ɗaya ne, watau cewa ana zaɓen na'ura ne bisa ga abin da ake son kunne ya ji da kuma wurin da za a yi aikin. A waƙar Hausa kuwa, abin da ake son ji kafin kome shi ne kalma. An ɗauki ƙasar Kirikasamma a matsayin misali domin yanayinta ya tattara kusan dukkan matsalolin da mai wannan aiki zai iya gamuwa da su a ƙasar Hausa.

2.0 Ƙasar Kirikasamma da Sautukanta

Kirikasamma ƙaramar hukuma ce a masarautar Haɗeja, cikin Jihar Jigawa wadda aka ciro daga Jihar Kano a shekarar 1991. Tana arewa maso gabas da birnin Haɗeja, a cikin fadamar nan da ta miƙe daga Haɗeja har zuwa Nguru. A cikinta ne dausayin Baturiya yake, wanda aka shigar cikin jerin dausayoyin Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2008. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa sun daɗe suna cuɗanya a wannan yanki, kuma noma da su da kiwo su ne manyan sana'o'i. Saboda haka waƙoƙin da ake ji a nan galibi na aiki ne da na buki: kiɗan noma da na gayya, da waƙoƙin masunta, da na mata wajen daka da niƙa da daɓe, da gaɗar 'yan mata, da kuma bege da waƙoƙin makarantun Islamiyya.

Rayuwar da ta haifi waɗannan waƙoƙi tana sauyawa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa da janyewarsa sun sake kama, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Injin niƙa ya ɗauke wa mata dutse, ya kuma tafi da waƙar da ake yi a kansa. Wannan shi ya sa kuskuren ɗauka yake da tsada a irin wannan wuri, domin tsohuwar da ta rera waƙar niƙa bana, ba lalle ne a same ta baɗi ba.

Ga mai riƙe da rikoda, kowane lokaci na shekara yana da nasa cikas. Da hunturu akwai iska da ƙura. Da bazara, musamman a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, injunan ban-ruwa kuma suna ta ruri a fadama. Da damina akwai danshi, da kukan kwaɗi da dare, da ambaliya irin wadda ta auka wa garuruwan masarautar Haɗeja a shekarun 2020 da 2022. Da sanyin safiya kuwa tsuntsaye ne suke cika wuri. Kunnen mutum yana da hikimar watsar da duk wannan hayaniya ya bi muryar da yake so. Makirfo ba shi da wannan hikima, abin da ya iso gare shi duka yake kwashewa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kafin zuwan na'ura, da alƙalami ake ɗaukar waƙa. Waƙoƙin Hausa da Rudolf Prietze ya buga a Jamus a shekarar 1904, alal misali, kalmominsu ne suka iso gare mu, muryoyin masu su ba su iso ba. Na'urar farko mai naɗar murya ta maido da ita Thomas Edison ne ya ƙera ta a 1877, daga baya garmaho da faifai suka biyo. Amma abin da ya sauya aikin masu nazari shi ne rikodar tef mai aiki da batir wadda ake iya ratayawa a kafaɗa, irin su Nagra III ta 1958 da Uher 4000 ta 1961. A cikin shekarun 1960 ne David Ames ya yi aikinsa a Zariya, Anthony King kuma a Katsina, aikin da ya haifar da ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa a 1971. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma kaset ne ya kai rikoda kowane zaure da kowace kasuwa. Sai dai yana da wani aibi da ya kamata duk mai koyo daga tsofaffin kaset-kaset ya sani. An tsara zaren kaset ya riƙa tafiya santimita 4.76 a sakan guda. Idan batir ya yi sanyi a lokacin ɗauka, zaren yakan rage gudu, sa'an nan in an zo saurare da cikakken gudu sai murya ta ƙara sirancewa, kiɗa kuma ya ƙara sauri. Da yake akasari kaset daga kaset ake kwafa, kowane kwafi yana iya ƙara nasa kuskuren. Wannan ya sa masu bincike na da sukan busa wani ɗan bututu mai tsayayyen amo a farkon ɗauka, domin a gane gudun gaskiya daga baya. Yaron da ya dage sai ya kamo muryar wani tsohon mawaƙi yadda ya ji ta a kaset, mai yiwuwa yana bin muryar da mai ita bai taɓa yi ba.

Bayan kaset an yi zamanin DAT daga 1987, da MiniDisc daga 1992, dukkansu sun shuɗe. Abin da ake aiki da shi a yau shi ne rikodar hannu mai ajiye sauti a katin mimori, da kuma wayar hannu.

4.0 Abin da Ake Son Na'ura ta Kama

Abubuwa uku ne suke riƙe da ma'anar kalma a Hausa waɗanda rubutunmu na yau da kullum bai cika nuna su duka ba, kuma su ne mummunar ɗauka take fara ɓatawa.

Na farko shi ne karin sauti. Kalmar da muke rubutawa kuka tana iya zama kuukaa na mai hawaye, ko kuukàa ta miya. Na biyu shi ne tsawon wasali, wanda a kansa nauyin gaɓa ya dogara, a kan nauyin gaɓa kuma karin waƙa ya ginu. Idan aka haɗa waɗannan biyu, sai a ga kalma guda a rubuce ta rabu huɗu a baki: farii na launi, da farìi na rashin ruwan sama, da faarìi na somawa, da fàarii masu cin amfanin gona. A waƙar noma dukkan huɗun suna iya zuwa. Na uku shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda suke raba kafa da ƙafa, da gada da gaɗa, da bari da ɓari. Bambancin k da ƙ yana faruwa ne a cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, dukan ganga ɗaya ya isa ya shafe shi.

A cikin rerawa al'amarin yakan ƙara wuya, domin mawaƙi yana jan wasali ko ya datse shi don ya dace da kiɗa, kuma raujin waƙa ba kullum yake bin karin sautin magana sau da ƙafa ba. Paul Richards ya auna wannan dangantaka a wata waƙar Hausa a 1972, Russell Schuh kuma ya shafe shekaru yana nazarin yadda gaɓoɓin waƙar Hausa suke zama a kan bugun kiɗa. Irin wannan nazari ba ya yiwuwa sai da ɗauka mai tsabta. Haka kuma a ƙasar Haɗeja akwai kalmomin karin harshe, da sunayen kifaye da na fadamu da na kayan su, da kalmomin aro daga Manganci da Badanci, waɗanda baƙon kunne zai yi saurin mayar da su wata kalma ta Kananci da ya saba ji, in dai sautin bai fita sarai ba.

5.0 Zaɓen Kayan Aiki

5.1 Waya ko Rikoda

Wayar hannu ita ce na'urar da kowa yake da ita, kuma ga mai koyo shi kaɗai a ɗaki ta wadatar, muddin an san halinta. An ƙera ta ne domin zance. Saboda haka da yawa daga cikin manhajojinta suna ɗaga sauti idan ya yi ƙasa, su danne shi idan ya yi sama, ba tare da an umurce su ba. Idan ganga ta buga sai wayar ta rage ƙarfin kome da kome, har da muryar mawaƙi, in ganga ta tsagaita kuma sai ta ɗago kukan kwaɗi da na injin. Wasu kuma suna da tsarin rage hayaniya wanda yakan ɗauki amon goge ko na kukuma a matsayin hayaniya ya yi ta yankarsa. Maganin wannan shi ne a sami manhajar ɗauka wadda take ba da damar kashe waɗannan tsare-tsare, a kuma katse layin waya kafin a fara don kada kira ya shigo.

Na taɓa ɗaukar wani makaɗin noma da waya a wani ƙauye na wannan yanki, ina tsaye a bayan 'yan kallo don kada in shiga tsakani. Da na koma masauki na saurara, amshi ya fita, ganga ta fita, amma ɗiyan waƙar, inda yake jero sunayen manoma da kirarinsu, sun nutse. Abin da na je nema ke nan, shi ne kuma na rasa.

Ga mai nazari, da kuma ƙungiyar da take da jagora da 'yan amshi da makaɗa, rikodar hannu ta fi dacewa, irin su Zoom H4n wadda ta fito a 2009, ko Tascam DR-40. Sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa huɗu ne: a iya saita ƙarfin ɗauka da hannu, a iya jona mata makirfo na waje, ta kasance da kafar sa abin saurare na kunne, sa'an nan ta yi aiki da batir irin wanda ake samu a kasuwar ƙauye. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, domin na'urar da batirinta yake a manne a ciki, in ya ƙare a tsakiyar gayya to aiki ya tsaya.

5.2 Makirfo

Makirfo iri biyu ne manya. Akwai dainamik, wanda misalinsa sananne shi ne Shure SM58 da aka fara ƙerawa a 1966. Ba ya bukatar wuta, yana jure ƙura da zafi da faɗuwa, kuma sai an kusance shi yake ji sosai. Akwai kuma kondensa, wanda ya fi kaifin ji, yana kama siririyar murya da amon tsirkiya, amma yana bukatar wuta, galibi bolt 48 daga rikoda, kuma danshin damina yakan sa shi tsattsagewar sauti. Har wa yau akwai bambanci ta fuskar inda makirfo yake ji: wani gabansa yake ji ya yi watsi da bayansa, wani kuma ko'ina yake ji. A fili, a gaban kalangu ko gangar noma, dainamik mai jin gaba a bakin jagora shi ne zaɓin da ya fi aminci. A cikin gida, inda tsohuwa take rera waƙar reno a hankali, kondensa ya fi, ko ɗan ƙaramin makirfon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, wanda bayan ɗan lokaci mai rerawa takan manta da shi ta saki jiki.

Kada a fita da makirfo tsirara. Soson da ake sa masa yana tare hucin baki da 'yar iska marar ƙarfi, amma iskar hunturu sai rigar gashi wadda ake ɗorawa a kan soson. Kuɗinta kaɗan ne, rashinta kuwa yana iya ɓata aikin yini guda.

5.3 Tsarin Fayil

Tsarin MP3 da saƙon murya na WhatsApp suna rage girman fayil ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa. Tsarin WAV ba ya zubar da kome. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a yi ƙasa da kilohaz 48 da bit 24 ga abin da ake nufin adanawa. A wannan ma'auni, awa guda ta ɗauka mai layi biyu tana cin kimanin gigabait 1, watau katin mimori mai gigabait 32 zai ɗauki wajen awa 30. Ana iya fitar da MP3 daga WAV domin rabawa, amma ba a iya komawa baya. In za a aika asalin fayil ta waya, a aika shi a matsayin takarda, domin ta haka ne yake isa yadda yake.

5.4 Abin Saurare

Lasifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa, saboda haka ba a yanke hukunci da ita a kan murya ko ganga. A nemi abin saurare mai rufe kunne, mai igiya. Marar igiya yana da jinkiri wanda yakan kai kashi ɗaya bisa biyar na sakan, wannan kuwa ya isa ya sa ɗan amshi ya riƙa shiga a makare yana zaton daidai yake.

6.0 Sarrafa Na'ura a Wurin Aiki

Abin da ya fi kome tasiri a ɗauka shi ne nisa. Ƙa'idar ita ce, a fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da desibel 6. Idan makirfo yana nisan taƙi ɗaya daga bakin jagora, watau kimanin santimita 20, ganga kuma tana nisan santimita 160, to nisan ya ninka sau uku, murya ta sami rinjayen desibel 18 a kan yadda za ta kasance in da su biyun nisansu ɗaya ne. Idan kuwa aka ajiye rikoda a kan tabarma taku uku daga kowa, wanda ya fi ƙara shi zai yi nasara, kuma kullum ganga ce. Waya mai araha a nisan taƙi ɗaya ta fi rikoda mai tsada a bayan taro. Sai dai a ɗan karkatar da makirfon gefen baki, don kada hucin b da f da ƙ ya riƙa dukansa kai tsaye.

Inda rikoda take da layi biyu ko huɗu, a ba jagora layinsa shi kaɗai, sauran su ɗauki amshi da kiɗa da taro. Ba a so a kore taro daga cikin ɗauka, domin guɗa da kirarin sanƙira da shewar 'yan kallo suna cikin waƙar, su ne ma sukan sa mawaƙi ya sauya ɗa. Abin da ake so shi ne kowanne ya zauna a layinsa.

Wajen saita ƙarfi, a roƙi makaɗa su buga mafi ƙarfin bugunsu, a saita yadda ma'auni ba zai wuce 12 ƙasa da sifiri ba. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, wanda ya kai sifiri ya tsage kuwa ya tsage ke nan. A tuna kuma cewa makaɗi yakan ƙara zafi idan wasa ya yi nisa, musamman in an fara yi masa kari. Tun daga 2019 an soma samun rikodoji masu bit 32 waɗanda suka rage wannan damuwa ƙwarai, amma ba su ɗauke wa kowa wahalar kusantar da makirfo ba.

Game da wuri, ɗakin siminti mai rufin kwano wanda ba kome a cikinsa, irin ajin makaranta, shi ne mafi muni, saboda amsa-kuwwa tana cakuɗa gaɓa da gaɓa. Soron ƙasa mai rufin azara, ko ɗakin da yake da katifa da labule da buhunan hatsi, ya fi shi nesa ba kusa ba. A waje kuwa a nemi bayan katanga ko danga inda iska ba ta bugowa, a juya wa injin ban-ruwa da hanyar babura baya. Kada a bar na'ura a rana, kada kuma a yi cajin batir yana da zafi. Da damina a ajiye kayan a cikin mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi. In za a shiga kwalekwale, a ƙulle su a leda biyu.

7.0 Rikoda da Mai Koyon Waƙa

Mutum ba ya jin muryarsa yadda jama'a suke jin ta, domin wani ɓangare nata yana isa kunnensa ne ta ƙasusuwan kansa, wanda yake ƙara mata kauri. Shi ya sa kowa yakan yi musun muryarsa ran da ya fara jin ta a rikoda. Amfanin na'ura ga mai koyo ke nan: tana zaunar da shi a inda mai sauraro yake zaune.

Hanyar da na ga ta fi amfani ga ɗalibai masu koyon rera rubutacciyar waƙa, da masu bege, da 'yan amshi, ita ce kamar haka. A ɗauki ɗan guntu, baiti biyu ko uku, ko gindin waƙa da ɗa guda. A huta kaɗan, sa'an nan a saurara sau uku, kowane saurare da abin da ake nema. Na farko domin kalmomi: shin wanda bai san waƙar ba zai iya rubuta ta daga wannan rerawa? Na biyu domin numfashi: a ina aka yanke, an yanke a ƙarshen saɗara ko a tsakiyar kalma? Na uku domin shiga da fita: an karɓi amshi a kan bugu, ko an riga shi, ko an makara? A gyara abu ɗaya tak, a sake ɗauka. A riƙa yi a wuri ɗaya da nisa ɗaya, a rubuta kwanan wata a kan kowane fayil, domin in an gwama na yau da na wata uku baya a san cewa muryar ce ta sauya.

Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana iya rage saurin waƙa ba tare da ta sauya amon murya ba, wannan kuwa yana taimakawa wajen kama saɗara mai sauri. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka tsara a Jami'ar Amsterdam, tana zana hawa da saukar murya a fili, malami ya nuna wa ɗalibi inda raujinsa ya kauce. Amma a guji sa wa ɗaukar gwaji kwalliyar situdiyo, kamar amsa-kuwwar da ake ƙarawa, ko Auto-Tune wanda ya fito a 1997 ya kuma zama ruwan dare a waƙoƙin zamani. Aikinsu shi ne rufe aibi, mai koyo kuwa aibin yake nema ya ji.

Akwai wani haɗari da ya fi duk waɗannan zurfi. A al'ada, yaro yana koyon waƙa ne ta bin ubangidansa shekara da shekaru, ya fara da ɗaukar kaya, ya shiga amshi, ya kai ga yin ƙari, kafin ya tsaya da kansa. A wannan tsawon lokaci yakan ji waƙa guda sau ɗari, kuma ba ya jin ta iri ɗaya sau biyu, saboda haka abin da yake koya shi ne yadda ake ɗinka ɗa a gaban jama'a. Binciken da Milman Parry ya yi da na'ura a ƙasar Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935, wanda Albert Lord ya fitar da sakamakonsa a 1960, ya nuna cewa mawaƙin baka yana sake gina waƙarsa ne a duk lokacin da ya rera ta. Mu ma muna da shaida a gida, domin Bakandamiyar Shata da aka ɗauka a lokuta daban-daban ba ta zo da ɗiya iri ɗaya ba. Rikoda tana daskarar da rerawa guda, yaron da ya haddace ta kuwa yana iya zaton ita ce waƙar. Saboda haka wanda zai koya daga na'ura ya nemi ɗauka biyu ko uku na waƙa guda, ya lura da abin da ya tsaya da abin da ya sauya, sa'an nan kada ya bar zama gaban masu abin. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

8.0 Adanawa da Haƙƙin Mai Waƙa

Kafin a fara kowace ɗauka, mai ɗauka ya faɗi da bakinsa kwanan wata, da sunan gari, da sunan mai waƙa, da irin kiɗan, da dalilin taron, ya kuma ɗauki amincewar mai waƙar a cikin fayil ɗin. Takarda takan ɓace, amma abin da aka faɗa a cikin sautin yana tare da shi duk inda ya je. Bayan an gama, a zauna da mai waƙar a ranar, a sa masa ya ji, a tambaye shi duk kalmar da ta shige duhu, wannan zaman ma a ɗauke shi. A wajen matan aure a bi ta hannun masu gida, kuma ya fi kyau mace ta yi ɗaukar, kamar yadda aikin Beverly Mack a kan mawaƙa mata na Kano ya nuna irin abin da mace take iya kaiwa gare shi.

Fayil ɗaya a waya ɗaya ba ajiya ba ce. A yi kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani gari, domin ruwan da ya ci ɗaki ba zai bar akwatin da yake cikinsa ba. Jami'ar Sule Lamido da take Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wurare ne da ya dace su zama rumbun irin wannan aiki. Tsofaffin kaset-kaset da suke hannun jama'a kuwa, zafi da fumfuna suna cin su, na'urorin juya su kuma suna ƙarewa, saboda haka mayar da su fayil aiki ne na gaggawa.

Daga ƙarshe, muryar ta mai ita ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga masu wasa da kuma fasahar gargajiya, amma tun kafin doka al'ada ta san cewa ba a cin gumin maroƙi. A yi masa abin da ya dace, a ba shi kwafinsa a katin mimori, kada kuma a watsa abin da aka ɗauka da sunan nazari sai da saninsa.

9.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa zaɓen na'urar ɗaukar murya yana farawa ne daga sanin harshen da za a ɗauka da kuma ƙasar da za a yi aikin. Ga mai koyo shi kaɗai, waya da aka kashe wa tsare-tsarenta na zance, da abin saurare mai igiya, da ɗaki marar amsa-kuwwa sun isa. Ga mai nazari a fadamar Kirikasamma, ana bukatar rikoda mai batirin kasuwa, da makirfo dainamik mai rigar gashi a nisan taƙi ɗaya daga bakin jagora, da fayil na WAV mai kwafi uku. Shawarata ga sassan koyar da Hausa ita ce, kafin a tura ɗalibi ƙauye neman waƙa, a ba shi ko da mako biyu ne na horo a kan wannan aiki, a sa shi ya ɗauki makaɗi guda a harabar makaranta, ya rubuta abin da ya ɗauka, ya ƙirga guraben da ya bari. Wanda ya ƙirga su sau ɗaya a gida, zai san inda zai tsaya da makirfonsa ran da ya isa gaban mai waƙa.